Gurneti ko nakiya? Sunan abin fashewa da makomar gonakin kudancin Katsina

Ranar Asabar, 18 ga watan Yulin 2020, ana saura kwana 13 a yi Babbar Sallah, wasu yara 11 daga ƙauyen Yammama a Ƙaramar Hukumar Malumfashi suka shiga wata gona domin yankar ciyawar dabbobi. Damina ta zauna, ciyawa ta yi kyau, ragunan layya kuma na bukatar ƙoshi. Kafin azahar sai aka ji wata ƙara da ta girgiza ƙauyen. Yara biyar suka rasu nan take, aka garzaya da shida Babban Asibitin Malumfashi da raunuka.

Kafin faɗuwar rana labarin ya karaɗe ƙasa da kalma guda: bam. Haka aka yi ta faɗa a gidajen rediyo, haka aka rubuta a kanun labarai, haka kuma aka yi ta yaɗawa a WhatsApp. Bayan jami'an kwance bama-bamai sun duba wurin, rundunar 'yan sandan Jihar Katsina, ta bakin kakakinta na wancan lokaci Gambo Isah, ta ce binciken farko ya nuna gurneti ne irin na soja, wanda yaran suka tsinta a gonar. Wannan gyara bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. Har yau idan aka tuna da yaran Yammama a majalisun Malumfashi ko Funtuwa, “bam” ake cewa.

Mai karatu zai iya cewa ai duk kanwar ja ce, tunda suna ba ya dawo da rai. Ga iyayen yaran, haka ne. Amma ga sauran manoman da za su shiga gona gobe, da direban da zai ɗauko masara daga Dandume da asuba, da jami'in da aka ɗora wa alhakin bincike, sunan yana da nauyi. Hausa na da kalmomi biyu da suka raba ƙananan abubuwan fashewa gida biyu, gurneti da nakiya, kuma kowace tana ba da labari daban game da wanda ya kawo abin, da dalilin zuwansa wurin, da abin da ya kamata a yi bayan an gan shi.

Gurneti baƙuwar kalma ce da ta shigo ta bakin sojoji, daga Turancin Ingilishi. Su ma Turawan Ingila sun aro ta ne daga Faransanci, inda take nufin ruman, saboda kamannin makamin na farko da wannan ɗan itace mai cike da ƙwayoyi. Makami ne da ake ƙerawa a masana'anta, bai fi cika tafin hannu ba, nauyinsa yawanci wajen rabin kilo ne. An yi shi ne domin soja ya zare fil ɗinsa, ya wurga, ya fashe bayan daƙiƙa huɗu ko biyar. Irin wanda sojojin Amurka ke amfani da shi yana kisa a tazarar mita biyar, yana kuma iya raunata wanda ke cikin mita 15. Idan aka auna wannan da yadda yara ke yin cincirindo a kan abin da ɗayansu ya tsinto, kai da kai, kowa na son ya taɓa, za a gane yadda ɗan ƙarfe guda ya iya cin rayuka biyar a lokaci ɗaya.

Nakiya kuwa ta daɗe a bakin Bahaushe, har ma tana da takwara a ɗakin amarya: nakiyar shinkafa da zuma ko sukari da ake kaiwa cikin gara tare da alkaki da dubulan. Ta fashewar, masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai da kamfanonin gina hanya ne suka fara saninta. Idan mai haƙar rijiya ya ci karo da fā, sai a ce sai an sa masa nakiya. Daga baya sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare suka ɗauki kalmar suka ɗora wa makaman da ake binnewa a ƙasa a yaƙe-yaƙen Angola da Kambodiya da Afghanistan. Da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, sai ta koma kan irin waɗanda ake haɗawa da hannu a daji a binne a hanyoyin Borno da Yobe.

Wanda ya saurari yadda Hausawa ke magana zai ji bambancin tun daga aikatau. Gurneti ana jefa shi, ko a wurga shi, ko a tsince shi. Nakiya ana dasa ta, ana binne ta, ana ɗana ta kamar tarko, mota ko mutum kuma ya taka ta. Babu mai cewa ya taka gurneti, kamar yadda ba a cika jin an ce an wurga nakiya ba. Harshen ya riga ya yi rabon da masana makamai suka ɓata shekaru suna rubutawa a takardun yarjejeniya. Gurnetin da aka samu a gona saura ne, abin da wani ya yar ko ya manta ko ya jefa bai tashi ba. Nakiyar da aka samu a hanya kuwa niyya ce, wani ya zauna ya zaɓi wurin, ya haƙa rami, ya tafi ya bar ta tana jiran mai tsautsayi.

Kalmar “bam” ita ce ke shafe wannan layi. Da ita aka kira abin da jirgi maras matuƙi na soja ya saki kan masu Mauludi a Tudun Biri ranar 3 ga Disamban 2023, da ita aka kira wanda ɗan ƙunar baƙin wake ke ɗaurawa a jiki, da ita kuma aka kira ɗan ƙarfen Yammama. Dalilin farin jininta a ɗakunan labarai ba boyayye ba ne: harafi uku ce, tana shiga kowane kanun labari, tana kuma jan ido. Editan da ya ji tsoron kuskure sai ya fake da “abin fashewa”, wanda ba ƙarya ba ne amma bai gaya wa manomi komai ba, domin tukunyar gas ma abin fashewa ce.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce gardamar malaman harshe shi ne halin da kudancin Katsina ke ciki. Daga Funtuwa zuwa Bakori da Danja da Kafur da Malumfashi, a juya yamma zuwa Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Dandume, nan ne rumbun jihar. Masara da dawa da waken suya da auduga da shinkafa da tumatirin rani daga nan suke fita zuwa Dawanau da kudancin ƙasa. Nan ne kuma yaƙi ya daɗe yana kai-komo. A watan Yunin 2020 aka yi kisan gilla a Kadisau ta Faskari. A farkon Yulin shekarar rundunar sojin ƙasa ta ƙaddamar da atisayen Sahel Sanity daga sansaninta na Faskari, kwanaki kaɗan kafin abin da ya faru a Yammama. A Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau, cikin Malumfashin dai. Shekara da shekaru sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da 'yan bindigar daji suna ratsa gonakin nan ɗauke da makamai, wani lokaci da gudu, wani lokaci cikin dare. Ƙasar da aka yi irin wannan zirga-zirga a kanta ba ta rasa abin da ya faɗi.

Bayan sulhun da al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Faskari, suka ƙulla da 'yan bindiga a 2025, manoma sun fara komawa gonakin da suka yi damina uku ko huɗu ba a sa musu fartanya ba. Ko sulhun zai ɗore ko ba zai ɗore ba, wannan wata magana ce. Abin da ke ƙasa bai san an yi sulhu ba.

Idan hukuma ta ce gurneti ne, tambayar da ke biyo baya ita ce: daga rumbun wa ya fito? Makaman masana'anta kan zo da alamomi da lambar rukunin da aka ƙera su a ciki, kuma da irin waɗannan lambobi ne masu bincike ke bin sawun makami daga ƙasar da ta ƙera shi zuwa rundunar da ta saya. Cewa gurneti “na soja” ne ba ya nufin sojan Najeriya ne ya yar da shi. Yana iya zama cikin kayan da 'yan bindiga suka kwasa a wani sansanin da suka kai wa hari, ko cikin makaman da suka malalo daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ko kuma wani maci amana ne ya sayar. Kowace amsa daga cikin ukun tana da wanda za ta tona wa asiri. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa Disamban 2018 akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga cikinsu ƙirar AK-47. Bindigogi rahoton ya ƙirga, bai ƙirga gurneti ba, amma rumbun da bindiga ke fita ba a sani ba da wuya a ce ƙaramin abu kamar gurneti yana zaune lafiya a cikinsa. An kafa Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro a 2021 domin irin wannan aiki. Kalmar “bam” tana sauke wa kowa wannan nauyi, domin da an faɗe ta hankali ke tafiya kan 'yan ta'adda, babu mai tuna rajistar rumbun makamai.

Idan kuwa aka ce nakiya ce, maganar ta canza gaba ɗaya, kuma ta fi muni. 'Yan bindigar Arewa maso Yamma sun yi suna ne da babur da AK-47 da satar shanu da garkuwa da mutane. Dasa nakiya sana'ar masu iƙirarin jihadi ce, tana bukatar wanda ya koya kuma ya koyar. Shi ya sa bayyanarta a wani yanki ke zama shaida cewa wasu baƙi sun iso, ko kuma na gida sun yi sababbin malamai. Da abin fashewa aka lalata layin dogo kafin a far wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. A yankin Shiroro na Jihar Neja manoma sun sha taka ta a hanyar gona. A farkon Disamban 2024 ta tashi da matafiya a hanyar Ɗansadau ta Jihar Zamfara, Kwamishinan 'Yan Sandan jihar na lokacin, Muhammad Dalijan, ya ɗora alhakin kan Lakurawa. Mai duba taswira zai ga cewa Funtuwa ce mahaɗar hanyoyin da suka fito daga waɗannan wurare: ta Gusau da ta ratso Tsafe da 'Yankara da Sheme, da ta Birnin Gwari, da ta Zariya da ta biyo ta Giwa. Garin da aka buɗe wa tashar tsandauri ta sauke kaya a 2024, da fatan ya zama cibiyar kasuwancin Arewa maso Yamma, rayuwarsa duka a kan waɗannan tituna take.

Tambayar nakiya kuma ita ce: daga ina kayan haɗin suka fito? Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 ta ɗora wa ma'aikatar ma'adinai alhakin ba da lasisin shigo da nakiyar fasa dutse da adana ta da amfani da ita. Yadda ake kiyaye dokar ya fito fili ranar 16 ga Janairun 2024, lokacin da wata fashewa ta rusa gidaje a unguwar Bodija ta Ibadan, Gwamna Seyi Makinde ya ce nakiyoyin da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka ɓoye a wani gida ne suka tashi. Idan haka ta faru a unguwar manya a babban birnin jiha, sai a kwatanta da ramukan zinariya na dazukan Zamfara, inda Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Binciken gurneti a bariki yake farawa, na nakiya kuwa a ramin ma'adinai da wurin fasa dutse.

Dokokin duniya ma sun raba su. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997, wadda Najeriya ta shiga a 2001, ta shafi nakiyar da aka tsara ta tashi idan mutum ya kusance ta ko ya taɓa ta, kuma ƙasashen da ke cikinta sun amince cewa ta haɗin hannu ma tana ciki muddin wanda ya taka ne ke tayar da ita. Ƙasar da aka samu irinta a cikinta wajibi ne ta bayyana, ta killace wurin, ta share shi, ta kuma kula da waɗanda suka jikkata. A kan haka ne Najeriya ta koma gaban taron ƙasashen ta nemi ƙarin lokaci saboda abin da ke binne a Borno da Yobe da Adamawa, kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kawar da nakiyoyi ta fara aiki daga Maiduguri a 2018. Gurneti da harsashin igwa da suka ƙi tashi ko aka yasar suna ƙarƙashin wata yarjejeniya ce daban ta 2003 kan ragowar makaman yaƙi. Ma'ana, sunan da ɗan sanda ya rubuta a rahotonsa na farko a Malumfashi shi ne zai nuna ko mutuwar za ta shiga wani lissafi da zai jawo kuɗi da ƙwararru, ko kuwa za ta tsaya a ta'aziyyar Gidan Gwamnati.

Gaskiya ne layin ba kullum yake a miƙe ba. Gurnetin da aka mayar tarko a bakin hanya ya zama nakiya a aikace, ko da jikinsa na masana'anta ne, kuma a Arewa maso Gabas an sha samun nakiyoyin da aka haɗa da tsofaffin harsasan soja. Wannan bai rusa bambancin ba, ƙara fito da shi ya yi: abin dubawa shi ne ko an ajiye abin ne domin ya jira wani, ko kuwa faɗuwa ya yi. Jami'in da ya tsaya a wurin ya san amsar cikin sa'o'i. Sau da yawa ba a tambaye shi ba ne kawai.

Inda bambancin ya fi amfani shi ne a gargaɗin da ake yi wa jama'a, domin mutanen da kowanne ke kashewa daban ne. Gurneti da danginsa masu tsintuwa suke ci: yaro mai kiwo, yarinya mai itace, almajiri mai yawon daji. A watan Janairun 2024 a Kidandan ta Ƙaramar Hukumar Giwa, maƙwabciyar wannan yanki ta ɓangaren Kaduna, wani almajiri ya ɗauko wani abu daga daji ya kawo cikin 'yan uwansa, ya fashe, ɗaya ya rasu, kimanin goma suka ji rauni. Labarin Yammama ne aka sake, garin kawai ya bambanta. Bayan yara sai 'yan gwangwan. Tunda ƙarfe ya zama kuɗi ana auna shi a sikeli, duk abin da ya yi nauyi a hannu riba ne a idon yaron da ke yawo da buhu. A watan Yunin 2025 mutum biyar suka mutu a yankin Hotoro na Kano yayin da ake sauke tsofaffin ƙarafan da aka ɗauko daga Yobe, 'yan sanda suka ce harsashin igwa na soja ne ke cikin kayan. Ɗan kasuwar da ke sayen gwangwan a Funtuwa ko Malumfashi, daga hannun yaran da suka fito ƙauyukan Faskari da Sabuwa, yana cikin wannan layi ko ya sani ko bai sani ba.

Gargaɗin da ya dace da wannan mai sauƙi ne, kuma na makarantar allo da firamare da huɗubar Juma'a ne: baƙon ƙarfe a gona ba a taɓa shi, ba a jifansa, ba a kai wa mai gari a hannu don nuna ƙwazo. A sa alama daga nesa, a janye yara da dabbobi, a kira hukuma. Tsatsa ba ta kashe shi, ƙara masa saurin fushi take yi.

Nakiya kuwa matafiya take ci, musamman motar farko da ta fita da sassafe ranar kasuwa, kuma gargaɗinta na tasha ne: na shugabannin ƙungiyar direbobi, da 'yan acaɓa, da masu motocin hatsi. Su ne ya kamata su san cewa sabon tono a tsohuwar hanya, ko waya da ta leƙo daga ƙasa, ko wani abu da aka gitta domin a tilasta wa mota kaucewa gefe, dalili ne na tsayawa da juyawa. Idan aka haɗa gargaɗin biyu a kalma ɗaya, sai a samu direba na tsoron abin da ba ya kan hanyarsa, uwa kuma ta saki yaronta ya tafi yankan ciyawa da tunanin cewa bam abin birni ne da kasuwa.

Akwai kuma hasarar aljihu. Jita-jitar “an dasa bam a hanyar Funtuwa” ta isa ta hana manyan motoci lodi kwana biyu, kuɗin dako ya tashi, dillalan Dawanau su dakata, manomin da ya kai buhu goma kasuwar Bakori ya sayar a yadda aka taya. Idan abin da ya fashe tsohon gurneti ne a wata gona mai nisan kilomita da yawa daga kwalta, an yi wannan hasara a banza. Idan kuma nakiya ce da gaske aka sassauta aka ce “wani abu ne ya fashe” don kada a tayar da hankali, motar da ke biye ita za ta biya.

Jihar Katsina na da hanyar isar da wannan bayani idan ta so. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 'ya'yan ƙauyukan nan ne, sun san kowace gona da mai ita, sun san inda aka yi artabu da inda 'yan bindiga suka yi zango. Su da malaman gona da masu unguwanni za su iya zana wuraren da ya kamata jami'an kwance bama-bamai su duba kafin a sa garma. Aiki ne da ba ya bukatar jirgin yaƙi, hotunan gurneti da harsashin igwa a bangon makaranta da lambar wayar da za a ɗauka idan an kira sun isa a fara. Lokacinsa kuma rani ne, domin da zarar watan Maris ya kama manoman Kafur da Bakori da Faskari za su fara sharar gona, su tara kara da ƙaya su cinna wuta, yara na biye da su suna tsintar abin da wutar ta tona.